Wuyan Surukina

Ran Alhamis ɗin da ta wuce, a kasuwar Maigatari, na tsaya bayan rumfar mai shayi ina kallon wani saurayi yana gyara wa ɗan dako wuya. Ya kama haɓa, ya kama ƙeya, ya fizga, wuya ya ce ƙas, 'yan kallo suka yi tafi. Na tambaye shi inda ya koya, ya zaro waya ya nuna mini wani Bature a bidiyo. Ya ce ai aikin ba komai ba ne, Baba, hannu biyu ne kawai da ƙarfin hali. Na ce masa yankan kaza ma haka yake. Ni kaɗai na yi dariya.

Don shi da irinsa na zauna nake wannan rubutu. Ku yi haƙuri da hannuna. Boko ban daɗe a cikinta ba, sauran na ƙarasa a ajin yaƙi da jahilci, yaƙin da har yau ba a san wanda ya ci ba. Sunana Ɗanjuma, amma daga Gumel zuwa Gagarawa Mai Jiri ake ce mini, har baƙi kan matsa mini in zauna, suna zaton ni ne ke fama da shi.

Da tsintsiya na shiga aikin. An ɗauke ni shara a wani asibiti a Gumel, aka ba ni ɗakin gashin ƙashi, inda ake kawo masu shanyewar ɓarin jiki da waɗanda aka kwance wa karaya. Mai ɗakin shi ne Malam Sabo, likitan gashi, dogo, marar yawan magana, wanda ya yi karatun abin mai zurfi. Ya lura duk sa'ad da yake duba mai ciwon wuya sharata ba ta ƙarewa, wuri ɗaya nake ta gogewa har siminti ya fara ƙyalli. Wata rana ya ce tunda sharar ta gagare ni, in ajiye tsintsiya in riƙe masa tawul. Tawul ɗin nan na riƙe shekara da shekaru kafin ya bar ni in taɓa wuyan ɗan Adam.

Ɗakin yana da fitila mai jan haske da ke ɗumama tsoka, da kujera mai juyawa, da gado mai tsawo, da madubi tsayin mutum. Har yanzu idan na rufe ido ina jin ƙamshin man da ke tashi in fitilar ta yi zafi. Amma abin da ya fara koya mini shi ne wanda ba zan taɓa ba. Jiri iri-iri ne. Akwai na kunne, wanda ɗaki ke juyawa da mutum in ya mirgina a gado. Akwai na hawan jini, da na yunwa, da na ƙarancin jini. Akwai wanda ke zuwa da nauyin harshe, ko ganin abu bibbiyu, ko mutuwar hannu. Wannan ba tausa yake so ba, mota yake so, maza. Namu shi ne na wuya. Mai shi ba ya ganin duniya tana juyawa, sai dai ya ji kamar a kan katifa yake tafiya, ƙeyarsa ta yi tauri, abin kuma ya tashi in ya juya kai ko ya daɗe a sunkuye. Malam Sabo ya ce wuya ɗan aike ne, shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda kai ya dosa. In ya ƙage sai ya riƙa kai saƙon da ba daidai ba: ido ya ce gabas, wuya ya ce kudu, ƙafa ta rasa wanda za ta bi.

Don a gane, sai ya zaunar da mutum a kujerar nan, ya riƙe kansa cik, ni kuma in juya kujerar a hankali. Kai bai motsa ba, wuya ne kaɗai ya murɗa. In jiri ya zo a haka, to mun sami gidan. Daga nan sai ɗumi, sai babban yatsa a gindin ƙeya inda tsoka ta dunƙule, sai a tallafi kai da tawul a ja shi kaɗan kamar ana lallashinsa. Sannan aikin da mai ciwo zai yi da kansa: ya mai da haɓa ciki kamar an miƙo masa magani mai ɗaci, ya kafa ido a wuri ɗaya yana juya kai a hankali. Murɗa wuya da ƙarfi kuwa, ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ce akwai jijiyoyin jini da ke bi ta nan su hau kai, kuma ba shi da na canji a aljihu.

Sirrin aikin duka a iyaka yake. Za ka kai wuyan mutum daidai bakin inda jiri ke farawa, ka tsaya, ka dawo. Gobe iyakar ta ɗan matsa. In ba ka kai ba, ka yi aikin banza. In ka wuce, ka kwantar da shi. To, yaya za ka san iyakar? Ka tambaye shi? Mutanenmu ba sa cewa ciwo ya ƙaru. Mutum yana ganin ka huɗu, in ka ce yaya jikin, sai ya ce da sauƙi. Malam Sabo ya ce in daina sauraron baki, in kalli ido. Mai jiri idonsa kan yi ɗan rawa, ko ya runtse, ko ya nemi bango ya kafe. Baki zai yi maka kara, ido ba ya iyawa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na tuna wani direban babbar mota daga Damagaram, irin wadda su suke ce wa kamyo. Ya daɗe yana tuƙi da wuya a karkace saboda madubinsa ya karye. Muka yi masa aiki, jiri ya ja da baya, amma ya ƙi yarda ya warke, wai bai ji ƙas ba, wanzaminsa ma yakan yi masa ƙas kyauta bayan aski. Malam Sabo ya fita wanke hannu. Na tsaya bayan direban, na dafa ƙeyarsa da hagu, na kawo dama kusa da kunnensa na lanƙwasa yatsuna, suka ce ƙas-ƙas. Ya yi ajiyar zuciya ya ce yanzu ya ji magani ya shiga. Ashe Malam Sabo yana bakin ƙofa. Ya yi mini faɗa sosai, amma baya ya ba ni, kafaɗunsa kuma suna rawa don dariyar da yake dannewa.

Sai mummunar shekara ta zo. Malam Sabo ya sami aiki a wata ƙasa mai nisa, ba a kawo madadinsa ba, aka sa wa ɗakin kwaɗo. Ni kuma aka ce tsintsiya ta yi yawa, aka sallame ni. A shekarar ne kuma ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Ranar da Malam Sabo zai tafi ya ba ni tawul guda, ya ce in riƙa tuna wanda ba zan taɓa ba. Na kwashi iyali muka koma ƙauyen su maiɗakina, kusa da Sule Tankarkar. Namiji ya koma garin surukai da tawul a kafaɗa. Ba sai na gaya muku irin kallon da aka yi mini ba. Aka ba mu wani gida arewa da masallaci. Na ɗinka 'yar jaka na cika ta da rairayi, ina ɗumama ta a murhun mai shayi a madadin fitila. Na sayi man kaɗe. Na riƙa bin kasuwanni a bayan babur, Maigatari, Gagarawa, Gumel, ina gyara wuyan 'yan dako da mata masu tallan nono. A shekarar yunwa kuwa rabin masu jiri tuwo suke nema, ba tausa ba. Su nakan gaya musu gaskiya, mu zauna mu yi jirin tare.

Mahaifin maiɗakina shi ne ladanin garin. Baba Ladan muke cewa, sunansa bai taɓa fita daga bakina ba, ba kuma zai fita a takardar nan ba. Ku yaran yanzu kuna zama da surukanku a benci ɗaya kuna musun ƙwallo. Mu ba haka muka tashi ba. In na hango shi a hanya, takalmi nake cirewa in durƙusa, ido a ƙasa, har ya wuce. Ba ma cin abinci wuri ɗaya. Ba na kallon fuskarsa, ba ya kallon tawa. Maiɗakina kuma ita ce 'yarsa ta fari, don haka ita ma ba ya kiran sunanta, ba ya hira da ita, ba ya shiga gidanta. Kunya ta ko'ina.

Masallacin ba shi da lasifika a lokacin. Akwai wani dakalin ƙasa a gefe, shi yake hawa ya yi kira. In ya zo hayya alas-salah sai ya juya kai dama, muryar ta tafi kudu ta yi nisa. In ya zo hayya alal-falah sai ya juyo hagu, muryar ta tsallako katanga ta faɗo tsakar gidanmu kamar yana tsaye a bakin ƙofa. Duk abin da maiɗakina take yi, a nan takan tsaya. Ban taɓa tambayar ta dalili ba.

Ita ce ta fara ganewa. Wata rana tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Baba ya daina juyowa wajenmu."

Na saurara a kira na gaba. Gaskiya ne. Muryar tana fita gabas ta tsaya a can. Bayan 'yan kwanaki ya gwada juyawa a kiran La'asar, jiri ya ɗebe shi, ya dafa bango, kira ya yanke a tsakiya. 'Ya'yansa maza suka kai shi asibiti, aka auna jini, aka duba kunne, aka ce wuya ne, gashi yake so, sai dai a tafi birni a yi ta jeka-ka-dawo. Ya ce ba zai bar masallaci ba. Aka yi masa ƙaho a ƙeya, aka yi hayaƙi, abin yana nan. Liman da dattawa suka zauna suka yanke cewa in azumi ya kama bai warware ba, za a ba wani kiran, don kada wata rana ya faɗo daga dakali. Ba mugunta suka yi ba. Amma mutumin da tun kafin ya yi aure yake kiran nan, in ka karɓe, me ka bar masa?

Duk garin an san mai gyaran wuya yana arewa da masallaci. Duk garin kuma an san ba zai yiwu ba. Suruki ya kama kan uban matarsa? Ya cire masa hula?

Jauro Buba ne ya raba gardamar. Tsohon Bafillace ne mai shanu, abokin wasan Baba Ladan, da yake shi Baba asalinsa Babarbare ne, kowannensu yana kiran ɗan'uwansa bawansa tun suna samari. Ya same ni ya ce bawansa ya lalace, kuma shi ba zai yi asarar dukiya yana kallo ba. Ya tsara yadda za a yi. A zauren Baba, da hantsi, in mutane sun tafi gona. Baba zai zauna a tabarma, ƙafa a miƙe, yana fuskantar bango. Ni zan shigo ta baya in fita ta baya. Babu wanda zai yi wa wani magana. Jauro ne bakinmu.

Ranar farko na ajiye takalmina tun daga gindin bishiyar ƙofar gida. Jauro ya cire wa Baba hula ya ce ashe wannan ƙwaryar ake ta ɓoyewa shekara da shekaru. Baba ya ce masa bawa ya riƙe hular ubangidansa da hannu biyu. Ni kuwa na durƙusa a bayansa. Na taɓa wuyan alhazai da na masu sarauta, ban taɓa jin tsoron fata irin wannan ba. Da yatsana ya sauka a gindin ƙeyarsa na ji tsokar hagu kamar igiyar da aka jiƙa ta bushe. Ɗinkin hula yake yi tsakanin salla da salla, kai a sunkuye, ga matashin da yake kwana a kai tudu guda.

Na juya kansa kaɗan, na ce, "Jauro, a tambayi mai wuya ko ya ji jiri."

Jauro ya ce, "Kai bawa, ana tambayar ka."

Baba ya ce, "A gaya wa mai hannu, da sauƙi."

Kun ga inda na shiga. Baki ya ce da sauƙi, ido kuma an hana ni. Na roƙi Jauro ya zagaya ya kalli idon a madadina, ya gaya mini in ya ga yana rawa. Ya leƙa ya ce shi dai idon Barebari kullum a haka yake ganin su, na rashin gaskiya. Baba ya yi dariya, wuya ya ƙara ƙagewa. Haka muka yi ta yi. Wata rana in ji tsoro in tsaya da wuri, aiki ya tashi a banza. Wata rana in wuce iyaka ban sani ba, ya ce da sauƙi, in na tafi ya yini a kwance, wani ya yi kira. Sha'aban ya kama, ana ta zancen azumi, maiɗakina kuwa ta daina tsayawa in ana kira.

Wani hantsi ina riƙe da kansa, idona a ƙasa inda idon suruki ya saba zama, sai na ji tabarma ta yi ɗan ƙara. Na duba. Yatsun ƙafarsa ne suka lanƙwashe, duga-dugansa suka danne kabar kamar mai shirin tsallaka rijiya. Na mai da kan tsakiya, suka saki. Na sake juyawa hagu a hankali, a hankali, daidai wuri ɗaya suka sake kamawa, babban yatsa ne ke fara nitsewa. Na ce Jauro ya tambaya. Aka ce da sauƙi. Na yi murmushi ni kaɗai a bayan tsoho. Mai jiri ƙasa yake nema, ko a zaune yake. Shekara da shekaru ina kallon idon mutane, ban taɓa duban ƙafarsu ba, sai da kunya ta danne mini kai.

Daga ranar da ƙafar muke hira. In ta kama in tsaya, in ta saki in ƙara kaɗan. Jauro ya ci gaba da isar da tambaya da amsa, don kada a ce mun daina ladabi, amma ni ba na ji. Na sa aka rage matashin kwana, aka ɗora ɗinkin hular a kan wani matashi bisa cinya don kada ya riƙa sunkuyawa. Sannan na kawo wani abu da Malam Sabo yake yi da ƙaramar tocila a goshi. Ni da ba ni da ita, kara na soka a gaban hular Baba. Muka yi ɗigo da gawayi a bango. Ya saita karan a kan ɗigon, ya rufe ido, ya juya kai, ya dawo inda yake jin tsakiya ne, ya buɗe. Da farko karan can gefe yake nunawa. Jauro ya ce shekararsa nawa yana kiwo bai taɓa ganin bijimi mai ƙaho ɗaya ba sai yau. Baba ya ce a gaya wa mai hannu ya soka wa Bafillacen nan nasa a hanci. Wannan ce kaɗai maganar wasa da ya taɓa aiko mini, ita ma ta bakin wani. A hankali karan ya riƙa matsowa kusa da ɗigon.

Ana gobe za a duba wata, liman ya ce Baba ya hau ya yi kiran La'asar a gani. Dattawa suna zaune a inuwa. Na ɗauki buta na tsuguna kusa da dakalin, kai a ƙasa. Wani ya ce wa na kusa da shi a dubi ladabin surukin nan. Bai san aiki nake ba. Ƙafafun suna daidai fuskata, fararen faso a diddige, farcen babban yatsan hagu da ya taɓa fashewa ya fito a karkace. Ya yi kabbara, suna shimfiɗe. Ya yi shahada, suna shimfiɗe. Ya juya dama, muryar ta tafi kudu, ba su motsa ba. Ya ja numfashi. Ya fara juyowa hagu, sai na ga babban yatsan ya nitse a ƙasar dakali. Na ajiye butar, na shirya tare shi in ya faɗo. Ya tsaya nan, muryar tana ja, tana ja. Sai yatsan ya saki. Muryar ta wuce ta saman kaina ta nufi arewa.

Da na koma gida bayan salla na tarar da maiɗakina tsaye a tsakar gida, taɓarya a hannu, hatsi a turmi ba a taɓa ba. Ta ce, "Ya juyo." Ta kama dakanta.

Bai taɓa yi mini godiya ba, ban kuma sa rai ba. Da Ƙaramar Salla Jauro ya kawo mini hula, ɗinkin hannun Baba, ya ce bawansa ya ce a ba mai hannu. Na sa, ta sauko har kunne. Jauro ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce me nake tsammani daga mutumin da bai taɓa kallon kaina ba.

Ya ci gaba da kira har ƙarfinsa ya ƙare. Shi da Jauro duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Malam Sabo ban sake jin labarinsa ba. Da zan gan shi, maganar ƙafar nan zan fara gaya masa, in ga ko kafaɗunsa za su yi rawa. Yatsuna yanzu sun yi sanyi, ba sa iya danna tsoka, ƙas ɗin ma sun daina yi. Na ce wa yaron nan na Maigatari ya zo in nuna masa, ya ce zai zo. Na wanke tawul ɗin na ajiye.

An sa wa masallacin lasifika mai aiki da hasken rana. Sabon ladan yana da murya, kuma ana jin sa ko'ina daidai wa daida, kudu da arewa. Ko yana juyawa ko ba ya juyawa, babu mai sani. Amma in an zo hayya alal-falah, maiɗakina har yau takan tsaya da abin da ke hannunta. Ni kuma sai in gyara hular da ta yi mini yawa, in sunkuyar da kai. In za ku tambaye ni kamannin fuskar mutumin nan, sai dai in tambayo muku maiɗakina. Amma ku jera mini ƙafafun garin nan kaf a bakin masallaci, zan nuna muku ba ya ciki.